Nauyin da Ke Riƙe Faifan Sola a Ƙasar Fakku

Fakku gari ne kuma mazaɓa a ƙaramar hukumar Kebbe, a kudancin jihar Sakkwato, a yankin da jihar ta yi iyaka da Zamfara da Kebbi, kuma Kebbe da Tambuwal kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Wutar lantarki ta gwamnati a wannan yanki tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, kuma kamar yadda yake a yawancin karkarar Arewa, ƙauyukan da waya ta kai musu ba sa samun wutar yadda za a dogara da ita, waɗanda ba ta kai musu ba kuwa janareto da fitilar batir suka sani. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur, kuɗin kunna janareto ya fi ƙarfin mai ƙaramin shago, sannan duhun da ya rufe jihohin Arewa da dama na kwanaki a jere a watan Oktoba 2024, bayan lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ya ƙara tura mutane wajen faifan sola, wato allon gilashin da ke juya hasken rana ya zama lantarki. Mai cajin waya da mai sayar da ruwan sanyi da mai ban-ruwa a fadama da magidancin da ke son fanka a bazara, duk sun shiga sahu.

Sola ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato, domin Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana aiki a kanta tun 1982, kuma ita ce ta sa wa ƙauyen Kwalkwalawa wutar sola mai ƙarfin kilowat 7.2, sannan daga baya aka kafa ƙaramar tasha mai kilowat 80 a Kurdula ta ƙaramar hukumar Gudu. Irin waɗannan ayyuka injiniyoyi ne suke tsara su, har da ƙafafun da faifan zai zauna a kai. Abin da ya sauya yanzu shi ne sola ta shiga gidaje, inda mai gida yakan tsaya ya yi ciniki mai tsawo a kan faifai da batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke sha, amma idan aka zo maganar mazauni sai a bar wa mai walda ya haɗa da abin da ya rage na kuɗi. Kamfanonin da ke ƙera faifai sukan ba shi garanti na shekara 25, kuma a yanayi irin na Fakku mazaunin ne zai yanke ko faifan zai ga waɗannan shekaru ko damina biyu kawai zai gani.

Wurare uku ake girka faifai a gida. Na farko rufin ɗaki, wanda shi ya fi yawa saboda ba ya cin fili kuma yana nesa da yara da dabbobi, amma rufin kwano na karkara a kan siraran katako yake, ƙusa ce kawai ke riƙe da shi, duk hudar da aka yi masa kuwa wurin yoyo ne, kuma ranar da iska ta yaye kwanon tare da faifan za ta tafi. Soron ƙasa da aka rufa da azara ba ya son huda, ba ya kuma son a ɗora masa kaya mai nauyi, musamman idan ya sha ruwa a watan Agusta. Na biyu shi ne a haƙa rami a kafa turken ƙarfe a zuba kankare, wanda yake da ƙarfi idan an yi shi daidai, sai dai yana cin siminti kuma ya zauna ke nan. Na uku shi ne mazaunin danni, wanda shi ne abin dubawa a nan: firam ne na ƙarfe da ake ajiyewa a bisa ƙasa ba tare da haƙa ba, sannan a danne ƙafafunsa da nauyi, ko tubalan kankare, ko bulo, ko duro cike da yashi, ko kejin waya cike da duwatsu, ta yadda nauyin nan shi kaɗai zai hana iska ɗaga shi ko kifar da shi ko ja da shi.

An fara yawaita wannan dabara a Turai da Amurka a wuraren da ba a yarda a huda ba, kamar shimfiɗaɗɗen rufin manyan gine-gine da tsofaffin jujin shara da aka rufe, da kuma ƙasa mai dutse inda turke ba ya shiga. Amma tunanin da ke ƙarƙashinta tsoho ne a ƙasar Hausa. Rumbun ƙasa a kan duwatsu ake ɗora shi, ba a haƙa masa harsashi, nauyin jikinsa da na hatsin da ke ciki ne ke tsayar da shi shekara da shekaru, kuma abin da iska kan ɗauke masa shi ne jinkar da ba a ɗaure da kyau ba. Haka nan duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake jerawa a kan rufin kwano kafin damina danni ne, kuma kowa ya san cewa inda aka yi rowar dutse nan iska ke fara yayewa. Saboda haka mutumin Fakku ba ya buƙatar a koya masa cewa nauyi yana riƙe abu. Abin da yake buƙata shi ne sanin yawan nauyin, domin a nan ne ido ke yaudarar mutum.

Dalilan da suka sa wannan mazauni ya dace da yankin suna da ƙarfi. Yawancin gidaje suna da tsakar gida mai faɗi ko fili a bayan ɗaki. Faifan da ke ƙasa yana shan iska ta ƙarƙashinsa, saboda haka ya fi na kan kwano sanyi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun da faifai yana rasa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri ɗaya da zafin jikinsa ya haura 25, alhali a watan Afrilu, lokacin da zafin iska ke wuce digiri 40, jikin faifan yakan haura 60. Ana iya share shi ba tare da tsani ba. Mai zaman haya ko mai gonar aro, wanda al'ada ba ta ba shi damar kafa gini a ƙasar wani ba, zai iya kwance kayansa ya tafi da su. Manomin rani da ke ban-ruwa da famfon sola zai iya janye kayan zuwa tudu kafin gulbi ya kawo. Akwai kuma dalili mai ɗaci, wato matsalar 'yan bindiga da ta taɓa garuruwan da ke kan iyaka da Zamfara, wadda ta koya wa mutane darajar dukiyar da za a iya ɗauka a gudu da ita.

Lissafin iska

Iskar da ke karya kayan sola a wannan yanki ita ce ta farkon damina, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, wadda ke gaban hadari. Irin wannan hadari daga gabas ko arewa maso gabas yake tasowa ya nufi yamma, yana turo bangon ƙura a gabansa, kuma bugun iskarsa na 'yan mintoci yakan kai kilomita 80 zuwa 100 a awa ɗaya ko fiye. Ƙa'idar da ya kamata kowane mai walda ya riƙe ita ce ƙarfin turin iska ba ya hawa daidai da gudunta, ninkuwa yake yi: idan gudun ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Wannan ne ya sa mazaunin da ya tsaya cak a iskar hunturu wata uku yake iya tashi sama cikin minti biyar a watan Mayu, mai gida kuma ya yi ta mamaki.

Misali da lambobi zai fi bayyana abin. Iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, tana tura kowace murabba'in mita da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 55. Babban faifai mai wat 550, irin wanda ya cika kasuwa yanzu, tsawonsa kusan mita 2.3 ne, faɗinsa mita 1.1 da ɗoriya, wato murabba'in mita 2.6, amma nauyinsa bai wuce kilo 28 ba. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, kuma faifan sola kayan kara ne na gaske: ga faɗi, ga rashin nauyi. Faifai huɗu a jere sun haura murabba'in mita 10, kuma idan iska ta shiga ta bayansu, inda karkatar faifan ke sa ta cicciɓa shi kamar fiffike, masu lissafi sukan ƙara rabi a kan turin, ya koma kilo 80 da wani abu a kowace murabba'in mita, jimla kusan kilo 850. Idan aka ƙara rarar kariya ta rabi, kamar yadda injiniyoyi suka saba, aka kuma cire nauyin faifan da na ƙarfen da bai kai kilo 200 ba, abin da zai rage shi ne kusan tan ɗaya na danni. Ke nan kowane faifai yana neman kusan kilo 250, nauyin buhun siminti biyar. Wannan lissafin fili ne buɗaɗɗe, kuma gidan da katanga ta kewaye zai iya rage wani abu, amma ya isa ya nuna cewa bulo biyu a kowace ƙafa, wanda shi ne abin da ido ke ganin ya wadatar, bai kai ko kusa ba, tun da bulo mai inci tara bai fi kilo ashirin da 'yan kai ba.

Tan ɗaya yana da ban tsoro a kunne, amma a aikace ƙarami ne. Kankare yana da nauyin kilo 2,400 a kowace mita mai fuska shida, wato ma'aunin da tsawo da faɗi da zurfinsa duk mita ɗaya ne, saboda haka ƙasa da rabin wannan ma'auni ya ba da tan ɗaya. Duro mai lita 200 idan aka cika shi da busasshen yashi yana haura kilo 300, ke nan duro huɗu sun wadatar har da rara. Yashi da marmara da tsakuwa kyauta suke ko kusa da kyauta, siminti kuma a Kalambaina ake yin sa, a bakin birnin Sakkwato. Duk cikin kayan sola babu abin da ya kai danni araha, kuma abin takaici ne a ce a kansa ake yin tsimi.

Yadda aka raba nauyin ma yana da muhimmanci kamar yawansa. Yankin Kebbe yana kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka ana fuskantar da faifai kudu, a karkata shi da digiri 10 zuwa 15. Wannan 'yar karkata ni'ima ce, domin a Turai, inda ake tayar da faifai digiri 30 ko 40, iska ta fi samun abin turawa. Babu ribar ƙara karkatar a nan, tun da daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana da tsakar rana tana ɗan arewa da tsakiyar kai, kuma bai kamata a kwantar da faifan sarai ba, don ruwa da ƙura za su zauna masa. Faifan da ya fuskanci kudu bayansa a buɗe yake ta arewa, gefensa kuma ta gabas, daidai inda hadari ke fitowa. Don haka ƙafafun baya, waɗanda suka fi tsawo, su ya kamata su ɗauki kaso mafi yawa na danni, sannan kusurwar arewa maso gabas ta fi kowace samu. Rufe bayan da fallen kwano da aka karkata yana rage iskar da ke shiga ƙarƙashi, muddin an bar 'yar kafa don sanyaya faifan. Firam mai faɗin gindi ya fi wuyar kifewa, kuma ɗaure ƙafafu da juna da ƙarfe a gicciye yana sa nauyin duka ya yi aiki tare, maimakon kowace ƙafa ta fuskanci iska ita kaɗai. Sharaɗi na ƙarshe shi ne dannin ya kasance ɗaure da firam da noti ko rodi da aka binne a cikin kankaren, domin bulon da aka jingina kawai girgiza za ta zame da shi.

Darasin da aka samu daga ƙasashen da guguwar teku ke dukansu ya ƙara haske a nan. Bayan guguwar Irma da Maria da suka ratsa tsibiran Karebiyan a 2017, cibiyar Rocky Mountain Institute ta Amurka ta binciki tashoshin sola na ƙasa da suka rushe da waɗanda suka tsira, ta fitar da rahoto a 2018. Daga abubuwan da ta samu akwai cewa ɓarna ta kan fara ne daga ƙananan abubuwa, wato maƙallan da ke matse gefen faifai da notin da girgiza ta kwance, kuma tashoshin da aka ɗaure faifansu da noti ta cikin hudar firam, aka kuma tokare ƙafafunsu a gicciye, sun fi tsira. Shi kansa faifan yana da juriya fiye da yadda ake zato, domin ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 61215 ya tanadi a gwada shi da turi mai ƙarfin kusan kilo 240 a kowace murabba'in mita, a kuma harbe shi da ƙanƙara mai faɗin milimita 25. Faifan da aka ɗaure da waya ko igiyar roba, kamar yadda ake gani a wasu rumfuna, ya yi asarar duk wannan ƙarfi tun kafin iska ta taso.

Ruwan da ke cin gindi

Duk da haka, a ƙasa irin ta Kebbe ruwa ne abokin gaban da ya fi iska naci. Mazaunin danni ba shi da saiwa, saboda haka ƙarfinsa ƙarfin ƙasar da ke ƙarƙashinsa ne, ƙasar yankin kuwa iri biyu ce, kowace da nata sharrin. Jigawa yashi ce da ruwa ke kwashewa, fadama kuma laka ce da ke kumbura da damina, ta tsage da rani. Faifan da kansa yana ƙara matsalar, domin rufi ne: idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Agusta, murabba'in mita 10 na gilashi zai tara lita 500, ya zubar da su duka a layi ɗaya, daidai gaban ƙafafun gaba. Cikin damina ɗaya wannan zuba tana haƙa kwari, yashin da ke ƙarƙashin tubalin ya zaizaye, ƙafa ɗaya ta nutse, firam ya murɗe. Murɗewar ba ta da amo kuma gilashin ba lallai ya fashe ba, amma siraran ƙwayoyin silikon da ke cikin faifan sukan yi tsagar da ido ba ya gani, wutar ta riƙa raguwa, mai gida kuma ya ɗora laifin a kan batir.

Maganin wannan aikin magina ne na gargajiya. A share saman ƙasa, a zuba marmara a daɓe ta kamar yadda ake daɓen tsakar ɗaki, a ɗaga dandamalin ya fi kewayensa da kamar taƙi ɗaya, a shimfiɗa tsakuwa a layin da ruwan faifai ke zuba, a kuma yi wa ruwan hanya ya bi rariyar gida. Kada a ajiye mazauni ƙarƙashin indararo ko a hanyar da ruwan unguwa ke bi. Ga waɗanda ke kusa da kwarin Gulbin Zamfara akwai ƙarin abin lura, wanda ambaliyar da ta ci garin Gummi a watan Agusta 2024 ta tunatar: duk abin da ya nutse a ruwa nauyinsa yana raguwa da nauyin ruwan da ya ture, saboda haka kankare yana rasa kusan kashi 40 cikin ɗari na danninsa idan ruwa ya shanye shi, duron da ruwa ne a cikinsa kuwa ya rasa duka. Wurin da aka san ambaliya tana kaiwa ba wurin mazaunin danni ba ne da damina, ko da tan nawa aka ɗora.

Wannan ya kawo maganar abin da ya cancanci zama danni. Ruwa a jarka ko duro yana da jan hankali saboda sauƙin cikawa da zubarwa, amma shi ne mafi rashin amana, domin watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya kuma kowace jarka a gida ke zama abin nema, su ne gab da watannin iska, kuma da wuya a hana uwar gida ɗibar ruwan da ke tsakar gidanta don a tsare faifai. Buhun yashi yana da nauyi ranar da aka ajiye shi, sai dai hasken rana yana cin zaren roba, buhun ya yage, kaji su ƙarasa aikin. Robar jarka ma takan bushe ta tsage. Katako rabon gara ne. Abin da ya fi daɗewa shi ne tubalin kankare da aka zuba da ma'auni mai kyau, kwano ɗaya na siminti da biyu na yashi da huɗu na tsakuwa, aka riƙa ba shi ruwa aƙalla mako ɗaya, tun da kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, kuma wanda aka zuba a zafin bazara aka bar shi ya bushe da wuri rugurgujewa yake yi. Bayansa sai kejin waya mai rufin tutiya cike da duwatsu, wanda ruwa ke ratsawa ba tare da ya ture shi ba. Idan ana son a iya ɗauka, gara a zuba tubala da yawa masu kilo 50 ko 60 da mutum biyu za su iya ɗagawa, a ɗaure su da rodi, da a zuba guda ɗaya da sai an nemo mota.

Zafi da ƙura aikinsu a hankali yake. Ƙarfe yana miƙewa da rana ya tsuke da dare, kuma sandar alminiyam mai mita shida takan sauya tsawo da fiye da milimita biyar idan zafinta ya sauya da digiri 40, wanda shi ke sassauta noti sannu a hankali, shi ya sa ake sa masa wosha mai murɗi ko a ninka shi biyu. Tsatsa ba ta kai ta bakin teku ba, amma tana kama gindin ƙafa inda laima ke zama da inda tumaki ke fitsari, da kuma wurin walda idan ba a shafa masa jan fenti na rigakafin tsatsa ba. Inda firam ɗin alminiyam na faifai ya taɓa baƙin ƙarfe kuma laima ta shiga tsakani, alminiyam ne ke cinyewa, don haka ake raba su da 'yar roba. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta tsakanin Nuwamba da Fabrairu, tana iya cinye kashi ɗaya cikin biyar na wutar faifai idan aka yi makonni ba a share ba, kuma a nan mazaunin ƙasa ya yi wa rufi fintinkau, domin yaro ma zai iya goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafin da ruwan sanyi zai iya cutar da shi.

Tsawon ƙafa abu ne da sai an yi sulhu a kansa. Gajeren mazauni ya fi tsira daga iska, amma yana shan fantsamar taɓo, awaki suna hawa, inuwar katanga kuma tana riskarsa da wuri, alhali inuwa a kan ɓangare kaɗan na faifai tana rage wutar jerin duka. Barin gefen gaba kamar rabin mita daga ƙasa, da nisanta mazauni daga katanga da kamar ninki biyu na tsawonta, ya fi zama daidai a yawancin gidaje. Katanga da darni suna karya iska, amma kwanon da ba a danne ba a ɗakin da ke gabas, ko busasshen reshen dogon yaro, su ne ke fasa gilashi idan hadari ya zo. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: tun da babu ƙarfen da ya shiga ƙasa, mazaunin danni ba shi da hanyar sauke wutar tsawa ko wutar da ta zubo a jikin firam, saboda haka wajibi ne a kafa sandar tagulla a ƙasa a haɗa ta da firam da waya mai kauri, a kuma bi da wayoyin ta cikin bututu don rana da ɓera. Ramukan bulo ma a toshe su, domin maciji da kunama suna son inuwa mai ɗumi a inda yara ke wasa.

Najeriya tana zuba kuɗi masu yawa a wannan fanni. A Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ke gudanarwa don kai wutar sola ga waɗanda ba su da ita, kuma akwai hukumar NEMSA da doka ta ɗora wa duba ingancin aikin lantarki. Amma faifai huɗu a tsakar gida a Fakku ko Kuchi ko Sanyinna ko Dogon Daji da wuya wani jami'i ya leƙa su, kuma wanda zai yanke yawan nauyin da za a ɗora shi ne mai walda da birkila na garin. Su ne suka fi cancantar horo, kuma horon ba mai tsawo ba ne: takarda ɗaya da Hausa, mai nuna kilo nawa ake buƙata ga kowane girman faifai, da yadda ake raba shi, da yadda ake daɓen dandamali, za ta ceci dukiya mai yawa. Cibiyar da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da masana, hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana da bayanan iska na Sakkwato, ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal kuma suna da hanyar tara masu sana'a, saboda haka babu abin da ya hana a haɗa wannan takarda a raba ta.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan mai gida. Ya tambayi mai haɗa masa kaya kilo nawa ya ɗora, kada ya karɓi amsar da ba ta da lamba. Ya bi noti ɗaya bayan ɗaya da sifana, ya duba gindin tubala ko ruwa ya ci, ya cike kwarin da zubar bara ta haƙa, ya danne kwanon ɗakunan da ke gabas, ya sare busassun rassa. Watan wannan aiki shi ne Afrilu, kafin hadarin farko ya taso.